Takardar Haraji a Cikin Hula

Na daɗe a Amurka kafin in shaƙi iskar da ta yi mini kama da ta gida, kuma a gonar albasa na shaƙe ta. Ni mutumin Magarya ne, ta ƙasar Wurno. A gidanmu albasa ce ci, ita ce sutura, ita ce kuɗin makaranta, ita ta kai yayyena mata ɗakunansu. Da na samu gurbin karatun noman rani a wata jami'a ta jihar Idaho, 'yan garinmu suka yi ta dariya, wai an ɗauki ɗan Magarya a jirgi an kai shi bangon duniya don a koya masa ban ruwa. Ban yi musu gardama ba, don ni ma abin yana ba ni dariya.

Shekarar farko sanyi ya ci mutuncina. Ina zuwa aji, ina ɗan aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen makaranta ana biyana, in dawo in dafa shinkafa in ci ni kaɗai ina kallon bango. Mutanen garin suna da fara'a, kowa zai yi maka murmushi a hanya, amma ba mai tsayawa ya tambaye ka gida da gajiya. Kewar gida ta dame ni ƙwarai, musamman kewar kakana Malam Mamman, wanda duk jikokinsa muke kira Tsoho. Tun ina yaro ni da shi ba ma haɗuwa ba mu taɓa ba. Rigimarmu ɗaya ce kullum: kakata Inna Dije. Ni na ce matata ce aro na ba shi, shi ya ce in na isa in zo in ɗauka.

Da hutun bazara ya zo, malamina ya haɗa ni da wata mata mai suna Misis Linda, mai gonar albasa a jihar Oregon. Makaranta ta ba ni izini a rubuce, na haɗa jakata. Kogi ne ya raba jihohin biyu a wajen, kogin da suke kira Maciji, kuma kafin ka gama gyara zama a mota ka ƙetare gadar. Muna sauka na ga busassun tuddai, ga hanyoyin ruwa sun ratsa fili, ga albasa kore shar iyakar ganinka. Na ce wa direban ya ɗan tsaya. Na fito na tsuguna na murza ganye ɗaya na kai hanci, sai ga ni a bakin madatsar Goronyo ina ɗan yaro, ina riƙe wa Tsoho butarsa. Direban ya zaci ba ni da lafiya.

Wannan bazara ita ce mafi daɗi da na yi a ƙasar. Da safe in bi layin tiyo ina duba inda ruwa ke ɗiga da inda ya toshe, da hantsi in duba ƙwarin da ke shiga wuyan albasa. Albasarsu kuwa, in ta ƙosa, sai ka sa hannu biyu. Misis Linda doguwar mata ce mai faɗa da dariya a lokaci guda. Ranar da ta ga ina yanka ɗanyar albasa ina ci da gishiri da barkono a gindin tarakta, ta kira duk ma'aikatanta su zo su ga ikon Allah. Daga ranar kullum sai ta ajiye mini wadda ta fi kowace yaji.

Ran nan na kira gida, ƙanen babana ya kai wa Tsoho waya.

"Attahiru, ina kake yanzu?"

"Tsoho, na ƙetare kogi, ina wata jaha ina aikin albasa."

"Cin rani kat tahi ke nan! Mu nan ruwa na zuba, kai kana can kana cin rani. Na hwaɗi ma Dije kanka ba daidai yake ba, ita ad da gardama."

Muka yi ta dariya. Cikin hira na gaya masa cewa kafin albashi ya iso hannuna an riga an yanke haraji a ciki. Sai na ji ya gyara murya, irin gyaran da yake yi in zai ba da labarin ƙuruciyarsa.

"Haraji? Tau saurara, wanga hwannina na. Lokacin da munka yi cin rani Ibadan, ba ka barin gari sai ka biya harajinka hannun maigari. Shi ba ka takarda, ka naɗe ta ka sa cikin hulla. Dud ɗan dokan da yat tare ka bisa gada, ka tuɓe hulla ka gwada mai, ka wuce abinka. Inda anka ƙidaya kanka, nan kaka biya, ba a biyan haraji wuri biyu. Kuma kowa yac ce ka ba shi kuɗɗi ba takarda, ɓarawo na, ko da rawani bisa kainai."

Na riƙe maganar nan da hannu biyu. A lissafina, inda aka ƙidaya kaina shi ne Idaho: nan makarantata take, nan ɗakina yake, nan aka san sunana. Oregon wurin cin rani ne kawai. Da hutu ya ƙare na yi sallama da Misis Linda, na sake ƙetare gada, na shafe Oregon daga raina in ban da albasarta.

Tsakiyar hunturu babana ya kira ni da kansa, abin da ba ya yi sai da dalili. Idon Tsoho na dama ya riga ya rufe da yana tun bara, yanzu na hagun ma ya fara. An kai shi asibiti a Sakkwato, likita ya ce shekarunsa da ciwon sukarinsa ba za su bari a yi masa aiki ba.

"In kana son ka gan shi shi gan ka, tau bana ta," in ji babana. "Baɗi sai dai shi ji muryakka."

Ranar ban iya cin abinci ba. Na ƙudura cewa da an rufe makaranta zan tafi gida. Abu biyu suka tsaya mini a gaba: kuɗin jirgi, waɗanda abin da na tara bai kai ba, da kuma bizata da ta ƙare, wadda dole in sabunta a Abuja kafin a bar ni in dawo in ƙarasa karatu.

Ana cikin haka lokacin haraji ya shigo. A ƙasar nan duk shekara ana yankar haraji daga albashinka, amma ba a nan maganar ke ƙarewa ba. In hunturu ya ja baya, kai da kanka za ka zauna ka cike takardu ka gaya wa hukuma abin da ka samu da abin da aka yanke. In an yanke fiye da ƙima a mayar maka, in bai kai ba ka cika. Akwai takardar gwamnatin tarayya, akwai ta jiha. Shekarar farko ban sha wahala ba, don wuri ɗaya na yi aiki. Bana kuwa takardar albashi biyu ce a hannuna. Ta Oregon ta iso ne cikin wani kwali da Misis Linda ta aiko mini, cike da albasa, ta rubuta a jikinsa cewa kada in cinye a rana ɗaya.

A shagon da muke sayen manja da garin rogo na haɗu da wani mutum mai shuɗiyar kwat. Ya ji ina waya da Hausa, ya rungume ni kamar tare aka yi mana kaciya, ya ce shi ma daga yankinmu na Afirka yake, kuma aikinsa ke nan, cike wa 'yan'uwa takardun haraji. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne tsakanin shagon wanki da na gyaran waya. Ya karɓi takarduna, ya daddanna na'ura, ya juyo mini da fuskarta. Abin da na gani za a mayar mini ya isa kuɗin jirgi har da tsarabar Inna Dije.

"Yaya aka yi haka?" na tambaye shi.

"Ɗan'uwa, sanin hanya ne. Mu rubuta kai mazaunin ƙasar nan ne, sai ka samu rangwamen da ake yi wa ɗalibansu. Kowa haka yake yi."

"Oregon fa?"

"Wa ya san ka a Oregon? Manta da su."

Maganar Oregon ɗin ta yi mini daɗi, don ta zo daidai da ta Tsoho. Mutumin ya ce kuɗin za su fara shiga asusunsa, ya cire ladansa, ya turo mini saura. Ya miƙo mini alƙalami. Wallahi na karɓa, har na ɗora hannu a kan takarda, ina ganin kaina a zauren gidanmu. Sai na ce masa to ya ba ni tawa takardar, mai sunansa da sa hannunsa, wadda ke nuna shi ya cike kuma ga abin da ya karɓa.

Ya yi dariya. Ya ce tsakanin 'yan'uwa ba a haka. Na sake tambaya, ya ce na'urar buga takardarsa ta lalace, alhali ina jin ƙararta a bayansa. Da na tambaya karo na uku fara'ar ta ɗauke, ya ce in ba na so akwai masu jira. Ba kowa a waje. Na ajiye masa alƙalaminsa, na tattara takarduna na fito, raina a ɓace, don ji nake kamar na bar tikitin jirgina a kan teburinsa. Har na isa ɗaki ina faɗa da Tsoho a zuciyata, shi da hularsa.

Wata 'yar ajinmu ce ta gaya mini cewa duk Asabar da safe akwai masu taimaka wa ɗaliban ƙasashen waje kyauta a ɗakin karatu. Azumi ya riga ya kama. Wanda na samu wani dattijo ne mai suna Mista Harold, tsohon akanta da ya yi ritaya, mai farin gashi da kunnuwa manya. Ya turo mini farantin biskit. Da na ce ina azumi ya ba ni haƙuri har sau nawa, ya buɗe aljihun tebur ya ɓoye farantin, shi ma bai ƙara taɓawa ba.

Muka gama ta tarayya, muka gama ta Idaho. Na fara haɗa kayana. Ya ɗaga takardar albashin Misis Linda.

"Saura Oregon."

Na ce a'a, ai wannan ba ta shafe ni ba. Na gyara zama na karanta masa dokar Tsoho tiryan-tiryan: maigari, hula, gada, ɗan doka, da inda aka ƙidaya kan mutum. Ya saurara har na gama. Sannan ya cire tabarau ya yi dariya har da share hawaye, irin dariyar da ba ta da raini, don sai tambayata yake yi yadda hular take da yadda takarda ba ta jiƙewa da gumi.

"Kakanka ya san abin da yake faɗa," in ji shi. "Ɗaliban ƙasar nan da ke fita aiki wata jiha kusan haka suke yi, sai dai a juye. Inda suka yi aikin nan suke fara biya, sannan su kawo takardar su nuna wa jiharsu don kada a karɓa sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Kai kuma baƙo ne a wajen duka biyun. Kowace tana son ka yi mata bayanin abin da ka samu a kan ƙasarta, shi kaɗai. Ba sau biyu za ka biya ba. Wuri biyu ka yi aiki."

Na ba shi labarin mai shuɗiyar kwat. Nan dariyar ta tsaya. Ya ce abin da mutumin ya so in sa wa hannu ƙarya ce, kuma sunana ne zai zauna a ƙarƙashinta, ba nasa ba, shi ya sa ya ƙi rubuta sunansa. Ya ce irin wannan tana iya kwanciya shiru ta taso ranar da mutum ya je neman biza. Da na sa hannun nan, wataƙila in je gida in ga Tsoho, amma karatun da aka sayar da albasar shekaru saboda shi ya tsaya a nan.

Muka cike ta Oregon. Da ya kai ƙarshe ya juyo da na'urar yana murmushi. Ashe jihar da nake gudu ita ke riƙe da canjina. An yanke mini fiye da ƙima duk tsawon bazara, kuma da ban cike takardar ba, da ba mai nemana ya ba ni. Kuɗin ba su kai na mai kwat ba ko kusa, amma da na haɗa da abin da na tara, sun isa tikiti mafi arha, irin wanda za ka yi ta zaman jira a filayen jirgi har ka manta inda za ka. Na miƙe na rasa abin yi, na kama hannun dattijon nan da hannu biyu ina ta jijjigawa. Da zan fita ya naɗe biskit ɗin nan duka a takarda ya ce in sha ruwa da su.

Washegari na kira Magarya.

"Tsoho, dokakka ta kusa kai ni ƙasa."

"Wace doka?"

Na kwashe duka na gaya masa. Da na zo kan mai kwat ya ce, "Ba na hwaɗi maka ba? Ɓarawo na!" Da na zo kan Oregon kuwa sai ya yi salati.

"Kai yaro, mi kaka nuhi? Ka zamna garin mutane, ka sha ruwansu, ka taka hanyassu, ka kwashe kuɗɗinsu, kuma ka taho ba ko sallama da masu garin? Mu da munka isa Ibadan ce maka anka yi shiga munka yi kamar awaki? Muna sauka sai gidan Sarkin Hausawa, mu gaishe shi, mu aje goro da ɗan abin da yas sawwaƙa, a san da zamanmu. In za mu komowa mu koma mu yi bankwana."

"Ai ba ka hwaɗi man wannan ba, Tsoho."

"Haraji munka yi magana. Ladabi kuwa na aza Dije ta koya maka, tunda kac ce matakka ta."

Ina jin muryar Inna Dije daga nesa tana cewa a bar sa ta cikin shirmen maza.

Kafin in taso na kira Misis Linda na yi mata bankwana yadda ya kamata, na kuma aika wa Mista Harold hula ƙube da na zo da ita ban taɓa sawa ba. Na buga takardun jihohin nan biyu, na ninke su ƙanana. Maganar biza kuwa, da lokacinta ya yi na je Abuja aka sabunta mini. Ba wanda ya ce in nuna takardar haraji, amma na tsaya gaban tagar nan ba abin da nake tsoron a tono, kuma wannan kaɗai ya ishe ni.

Ranar da na sauka Sakkwato zafi ya tare ni tun daga ƙofar jirgi, na ji daɗinsa kamar me. Ƙanen babana ya ce mu kama hanya da wuri, don yanzu ba mai son la'asar ta same shi a hanya, ga abin da 'yan bindiga ke yi a ƙauyukan wajen Rabah. Muka wuce Achida, buhunan albasa jibge a bakin titi. Tun kafin mu shiga Magarya na ciro takardun nan na sa a cikin hulata, na mayar da ita kai.

Mata suka yi ta guɗa, Inna Dije ta riƙe ni tana kuka tana cewa na rame, alhali na yi ƙiba. Tsoho yana zaune a cikin zaure kan buzunsa. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Na yi sallama zan durƙusa, sai ya ɗaga sandarsa ya tokare ƙofa.

"Tsaya nan! Kai wane na? Daga ina?"

"Ɗan cin rani na, ranka shi daɗe. Daga ƙetaren kogi."

"Ina takardakka?"

Na tuɓe hula, na ciro su, na sa masa a hannu. Ya shafa ɗaya, ya shafa ɗayar.

"Biyu?"

"Biyu, ranka shi daɗe. Ta gida da ta gaisuwa."

Zauren ya kaure da dariya. Ya cire tasa hular, ya jera su a ciki da kyau, ya mayar kansa, ya ce duk wanda ya tare ni in turo shi wurinsa. Sannan ya janye sandar, ya ce a tashe shi. Ya dafa kafaɗata muka fito ƙofar gida inda rana take. Ya kama fuskata da hannu biyu, ya juya ta wajen haske, ya matso da idonsa na hagu har ina jin numfashinsa. Ya daɗe yana dubawa. Ni kuwa hawaye na zuba mini ban ma sani ba.

Can ya sake ni, ya waiwaya wajen kakata.

"Dije, kwantad da hankalinki, na gan shi sarai. Har yanzu na hi shi kyau."